Yagewar guringuntsin gwiwa: a ɗinke ko a datse?

Malam Habu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai tambayar da marasa lafiya ke yawan yi a ɗakin ɗaukar hoto, ina so likitocinmu su warware mana ita. Mutum uku za su karɓi sakamakon MRI, hoton da ke nuna naman cikin gaɓa, kusan iri ɗaya, an rubuta guringuntsin gwiwa, wato miniskos, ya yage. Na farko a ce za a ɗinke masa, ya yi mako shida da sanduna. Na biyu a datse masa wurin da ya yage, bayan kwana biyu yana takawa. Na uku a ce ba ya bukatar tiyata sam, ya tafi wajen masu gashin ƙashi. Sai su haɗu a layi su kwatanta, kowa ya fara zargin nasa likitan. Mene ne ainihin abin da ke raba su?

Dakta Auwalu:
Wa alaikumus salam, Malam Habu. Abu uku ne: inda yagewar take, siffarta, da irin gwiwar da take ciki.

Kowace gwiwa tana da miniskos biyu, na ciki da na waje, suna zaune tsakanin ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri. Ku ɗauke su a matsayin gammo. Ƙarshen ƙashin cinya mulmulalle ne, saman ƙashin ƙwauri kuwa kusan a shimfiɗe yake, in babu gammo a tsakani nauyin duk a ɗan wuri guda zai taru. Idan mutum na tsaye, kusan rabin nauyin da ke bi ta gwiwa ta kansu yake wucewa. In ya lanƙwasa gwiwar zuwa digiri 90, ya kan kai kashi 85 cikin 100. Na ciki ya fi yagewa saboda a ɗaure yake da bangon gaɓar, ba shi da damar kaucewa in gwiwa ta murɗe.

Inda gizo ke saƙar shi ne jini. A jikin baligi, bakin waje kaɗai ne ke da jijiyoyin jini, kashi 10 zuwa 30 cikin 100 na faɗinsa. Masu bincike Arnoczky da Warren suka nuna haka a 1982. Shi ya sa muke raba shi gida uku. Milimita 3 na farko daga gefe muna kiransa ja, akwai jini. Daga milimita 3 zuwa 5 ja da fari, jinin kaɗan ne. Abin da ya wuce nan fari ne fat, ruwan gaɓa kawai yake sha. Zare ba ya warkar da komai, kusantar da baki biyu kawai yake yi, jini ne ke haɗe su. In ka ɗinke farin wuri, zaren zai riƙe na wasu watanni, sannan ya gaji ya tsinke ko ya yanka naman.

Dakta Maryam:
Maigida, bari in ɗora da batun siffa. Zaruruwan da ke cikin miniskos yawancinsu zagaye suke bi, kamar yadda ake naɗe tsumman gammo. Yagewar da ta bi tsawon zagayen, kusa da gefe, ita ta fi karɓar ɗinki, domin ba ta tsinka zaruruwan ba, raba su kawai ta yi. In irin wannan ta yi tsawo, ɓangaren da ya rabu ya kan juye ya faɗa tsakiyar gaɓar kamar mariƙin bokiti, gwiwa ta cije ta ƙi miƙewa. Wannan ba a ja masa lokaci.

Akwai wadda ta gitta, ta yanko daga bakin ciki zuwa gefe. In ta kai har gefe, gammon ya warware ke nan, ana taka shi zai baje. Akwai wadda ta raba shi sama da ƙasa kamar an ɓare gurasa, yawanci ta tsufa ce. Akwai leɓe da ke lilo yana maƙalewa, galibi a farin wuri, shi ake datsewa. Sai yagewar saiwa, inda miniskos ya manne da ƙashi ta baya.

Malam Habu:
Na gode. Ta ɓangarenmu kuma, ya kamata a riƙa karanta rahoto da kyau. In an rubuta mataki na 1 ko na 2, haske ne a cikin naman da bai fito fili ba, ba yagewa ba ce. Mataki na 3 ne hasken ke kaiwa saman miniskos ko ƙasansa. Kuma na'urar MRI mai ƙarfin maganaɗisu tesla 1.5 ta fi ƙananan nan nuna saiwa da bayan gaɓa. Ga wanda ya haura 40, a fara da hoton ƙashi na tsaye, nauyi a kan ƙafa, har da wanda ake ɗan lanƙwasa gwiwa digiri 45. In tazarar gaɓar ta riga ta matse, kuɗin MRI asara ce, ba zai canza magani ba.

Dakta Auwalu:
Ka taɓo mutum na ukun da ka yi tambaya a kansa. A 2008 an buga wani bincike da aka yi a garin Framingham na Amurka, aka ɗauki MRI na mutum 991 masu shekara 50 zuwa 90, ba tare da zaɓar masu ciwo ba. Cikin waɗanda aka gano miniskos ɗinsu ya yage, kashi 61 cikin 100 ba su ji ciwo ko sanƙarewa a watan da ya gabata ba. Wato yagewar tana nan kamar furfura, ba lallai ita ke kawo ciwon ba.

Sai na Finland a 2013. Mutum 146, masu shekara 35 zuwa 65, masu yagewar tsufa a miniskos na ciki. Aka datse wa wasu, wasu kuma aka sa musu kyamara cikin gwiwa aka kwaikwayi aikin ba a yanke komai ba, kuma ba wanda ya san rukuninsa. Bayan shekara guda babu wani bambancin kirki. Saboda haka dattijo ko dattijuwa mai ciwon da ya shigo a hankali, ba bugu ba faɗuwa, gwiwa ba ta cijewa, a ba shi aƙalla wata uku na motsa jiki da ƙarfafa cinya da rage ƙiba kafin a ambaci tiyata.

Koci Ɗanlami:
Ranka ya daɗe Likita, mu namu yara ne 'yan 18 zuwa 25, kuma abin da suke kawo mana hujja shi ne Luis Suárez. An yi masa tiyatar miniskos ranar 22 ga Mayu 2014, ranar 19 ga Yuni ya zura wa Ingila ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya. Ansu Fati kuwa ya yage nasa a Nuwamba 2020, aka ɗinke, aka yi ta komawa tiyata, bai dawo fili ba sai Satumba 2021. Yaro mai neman gwaji a wata ƙungiya zai ce a yanke masa kawai. Me za mu ce masa?

Dakta Maryam:
Koci, a gaya masa gaskiya duka biyun. Datsewa ta fi saurin mayar da mutum fili, mako huɗu zuwa shida. Ɗinki na cin wata biyar zuwa shida, kuma ba kowane ne ke kamawa ba. Wani nazari na 2012 da ya tattara sakamakon sama da shekara biyar ya samu kusan kashi 23 cikin 100 sun sake buɗewa. Kusan ɗaya cikin huɗu ke nan, ba za mu ɓoye ba.

Amma abin da aka yanke ba ya tsirowa. Tun 1948 wani likita mai suna Fairbank ya bayyana abin da hoton ƙashi ke nunawa bayan an cire miniskos gaba ɗaya: tazarar gaɓa ta matse, ƙarshen ƙashin cinya ya baje, ƙashi ya yi tsiro a gefe. Amosanin gaɓa ke nan. Ɓangaren waje ya fi muni, domin miniskos na waje na ɗaukar kusan kashi 70 cikin 100 na nauyin gefensa, kuma ƙasusuwan biyu a nan duk tudu ne, ba sa rungumar juna. Ɗan wasan da aka kwashe wa na waje da yawa zai iya fara kumburin gwiwa bayan kowane wasa cikin 'yan shekaru. Yaro ɗan 20 yana da sauran shekara 50 ko fiye da zai taka wannan gwiwar.

Abin mamaki, ɗinkin ma ya riga yankan samun suna. Likita Thomas Annandale ya ɗinke miniskos a Edinbara tun 1883. Daga baya aka yi shekaru ana ɗaukarsa naman banza ana cirewa.

Koci Ɗanlami:
To yaya za mu gane a fili cewa wannan ba targaɗe ba ne?

Hajiya Binta:
Koci, ka tambayi yadda abin ya faru. Ƙafa a kafe, gwiwa a ɗan lanƙwashe, jiki ya juya. In gwiwa ta cika tim cikin awa ɗaya ko biyu, jini ne, a fi zargin jijiyar ACL, wadda ke tsakiyar gwiwa tana hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba. In kumburin ya taso a hankali zuwa washegari, ya fi kama da miniskos. Ka danna yatsa a layin da ƙasusuwan biyu suka haɗu, gefen ciki da na waje, zai nuna maka wurin da kansa. Sannan ka kwantar da shi rigingine ka kwatanta miƙewar ƙafafun biyu. In guda ta tsaya saura digiri 10 ko 20, ka danna ka ji tana turo ka kamar roba, ta cije. Ka sake ta, a ba shi sanduna.

A nan ake yin ɓarna. Ana kai yaro wajen mai ɗori, a ja ƙafar da ƙarfi don ta miƙe. Babu ƙashin da ya karye balle a ɗora. Jan nan yana ƙara tsawon yagewar, ko ya niƙe ɓangaren da ya juye har ya zama ba ya ɗinkuwa. In kuma aka yi tsaga ko ƙaho a kan gwiwar, dole a jira fatar ta warke sarai kafin tiyata, don kada a tura ƙwayoyin cuta cikin gaɓa. Mako biyu ko uku sun tafi a banza. A tura shi inda akwai likitan ƙashi, irin Asibitin Ƙashi na Dala ko asibitocin koyarwa, kuma a tambaya tun farko ko suna tiyatar kyamara kuma suna da kayan ɗinki, ba na datsewa kaɗai ba.

Dakta Auwalu:
Wannan tambaya ta ƙarshe da Hajiya ta kawo ita ce babba. Hukuncin ƙarshe a cikin ɗakin tiyata ake yanke shi, bayan an taɓa yagewar da ƙugiya. Don haka takardar amincewa ta ƙunshi duka biyun, kuma kayan duka biyun su kasance a kan tebur. In ba haka ba, likita zai ga abin da ya cancanci ɗinki ya datse saboda abin da ke hannunsa ke nan.

Sista Rabi:
Bari in faɗi yadda aikin ke tafiya daga wajenmu. Ana sa alama a ƙafar da za a yi wa aiki tun mara lafiya na farke, shi da kansa ya tabbatar. Maganin kashe ƙwayoyin cuta, yawanci cefazolin giram 2 ga baligi, ya shiga cikin awa ɗaya kafin a fara, kuma kafin a hura ɗaurin cinya mai tsayar da jini. Likita ya yi huji biyu, kowanne bai fi santimita ɗaya ba, dama da hagu da jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa. Ta ɗaya kyamara mai kaurin milimita 4 ke shiga, ta ɗayan kayan aiki. Ruwan gishiri na ledar lita 3 ke buɗe gaɓar, a tanadi isasshe, domin in ruwa ya yanke hoto ya dushe nan take.

A duba gaɓar kaf, a mayar da ɓangaren da ya juye mazauninsa, sannan a kankare bakin yagewar biyu da ɗan zarto har jini ya tsattsafo. Matakin nan ne masu gaggawa ke tsallakewa, alhali tsohuwar yagewa bakinta ya riga ya yi santsi, ba zai kama ba sai an sabunta shi.

Dakta Maryam:
Haka ne, Sista. Ɗinkin kansa hanya uku ce.

Daga ciki zuwa waje: dogayen allurai biyu masu zare lamba 2-0 wanda ba ya narkewa, a tura su ta bututu su huda miniskos su fito ta bayan gwiwa, inda aka yi wani yanka na santimita 3 zuwa 4 don kama su a ƙulla a kan bangon gaɓa. Ana sa abin kariya a bayan, wasu ma cokali da aka dafa suke sawa, don allura ta doke shi ta karkato maimakon ta nufi jijiyoyi. Tazarar ɗinki milimita 3 zuwa 5, a yi ta sama a yi ta ƙasa. In ta sama kaɗai aka yi, ƙasan zai wage. Ɗinkin tsaye ya fi na kwance ƙarfi domin yana rungumo zaruruwan zagayen nan.

Daga waje zuwa ciki: doguwar allura lamba 18, irin wadda ake yin allurar baya da ita, a soka ta fata, a zura zare ta cikinta. Ta gaban miniskos da tsakiyarsa ce, ba ta kaiwa baya lafiya. Ita ce mafi arha.

Duk a ciki: na'ura ce irin su FasT-Fix, mai ƙananan maɓallai biyu da zare a ɗaure. Ka harba na farko, ka harba na biyu, ka ja ƙulli ya zauna. Ba yanka a baya, ga sauri. Ni ita na fi so a ƙahon baya, wato ƙarshen miniskos na baya.

Dakta Auwalu:
A nan ne ba mu cika daidaitawa ba, Dakta Maryam. Kowace na'ura ɗinki ɗaya take bayarwa, daga waje ake shigo da ita, da dala ake sayenta. Mariƙin bokiti mai tsawon santimita 3 ko 4 yana iya cin ɗinki takwas ko goma. Me ke faruwa? Mara lafiya ya iya sayen uku, a baje ukun a wurin da ke bukatar takwas, bayan wata huɗu ya buɗe, a ce ɗinki ba ya aiki. Gara a yi yankan baya a zuba zare isasshe. Sakamakon hanyoyin biyu a nazarce-nazarce kusan ɗaya ne, in an yi kowanne yadda ya kamata.

Dakta Maryam:
Ban musa ba, Maigida, amma yankan baya ma yana da nasa kuɗin, mataimaki ƙwararre yake bukata. A gefen ciki akwai jijiyar ji ta safenos, in zare ya shaƙe ta mutum zai riƙa jin dindiris ko zafi kamar wuta a cikin ƙwauri. A gefen waje akwai ta feroniyal da ke bin bayan tsokar nan mai manne da kan ƙaramin ƙashin ƙwauri. In aka taɓa ta ƙafa ta saki, ba ya iya ɗaga yatsu, yana tafiya yana jan ta. Shi ya sa ake lanƙwasa gwiwa digiri 90 a tsaya gaban tsokar. Abin da nake gani shi ne a gauraya: na'ura biyu a can baya inda hannu ba ya kaiwa, sauran a cike da zare.

Dakta Auwalu:
Gaurayawar na yarda da ita. Sai dai a tuna ita ma na'urar ba tsira ba ce. Babbar jijiyar jinin ƙafa tana kwance dab da bayan ƙahon baya na miniskos na waje. A saita ma'aunin zurfi, a kula da kusurwar da aka nufa, musamman ga siririn mutum ko yaro.

Abu biyu da ke ƙara wa ɗinki sa'a. Na farko, in jijiyar ACL ta tsinke tare da shi, a gyara su lokaci guda. Ramukan da ake haƙawa a ƙashi suna zubo jini da ɓargo cikin gaɓa, ɗinki ya fi kamawa. In aka ɗinke miniskos aka bar gwiwa tana zamewa, za ta sake yaga shi. Na biyu, in miniskos kaɗai ne, ana huda ƙananan ramuka a ƙashin tsakiyar gaɓa don samo wannan ɓargon, ko a ɗebi jinin mara lafiya a bar shi ya yi guda a cusa cikin yagewar. Mai shan sigari kuwa ya daina tun kafin aiki, taba na tsuke ƙananan jijiyoyin da muke dogara da su.

Dakta Nura:
Ta fannin allurar barci, yawanci ta baya ake yi, ƙugu zuwa ƙasa ya mutu na awa biyu zuwa uku. Abinci a tsaya awa shida kafin aiki, ruwa zalla awa biyu. Koko da kunu da shayi mai madara abinci ne, a faɗa wa mutane ƙarara. A duba hawan jini da suga. A san rukunin jini na sikila, domin ga mai SS ɗaurin cinya abin taka-tsantsan ne: tsayar da jini da ƙarancin iska na iya tayar da ciwon, sai a yi aikin ba ɗauri ko a gajarta shi ƙwarai, a ba da ruwa da iska isassu, a hana shi jin sanyi.

Bayan aiki, farasitamol giram 1 duk awa shida zuwa takwas, kada ya wuce giram 4 a yini. Su diclofenac na 'yan kwanaki ne, ban da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda. Alamun da ba a kwana da su a gida: sharaɓa ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, wannan gudan jini ne. Zazzaɓi tare da gwiwa mai zafi da ciwon da ke ƙaruwa bayan kwana uku zuwa goma, a ɗauka ƙwayar cuta ce a gaɓa har sai an tabbatar ba ita ba. Kada a tsaya shan maganin maleriya a gani. Mace mai shan ƙwayar tsarin iyali ta faɗa tun kafin aiki, wasunsu na ƙara haɗarin gudan jini.

Malam Isiyaku:
Allah ya saka da alheri, likitoci. An ambaci yagewar saiwa an wuce. Ita ma ta tsufa ce da ake bari?

Dakta Maryam:
A'a, Malam, ita ce togaciyar. An fi ganinta ga mata masu shekara 50 zuwa sama, masu jiki. Za ta ce ta yunƙura daga tsuguno ko tana sauka daga mataki sai ta ji ƙas a bayan gwiwa, ciwo ya sauko nan take. Saiwa ta tsinke, gammon ya zame gefe, a hoto a ga ya fito fiye da milimita 3. Ta fuskar nauyi daidai yake da an cire shi duka, gaɓar na iya lalacewa cikin shekara ɗaya ko biyu. In guringuntsin da ke lulluɓe da ƙashi yana da sauran kyau, ƙafar kuma ba ta yi baka sosai ba, ana gyarawa: a zura zare a saiwar, a haƙa siririn rami ta ƙashin ƙwauri, a jawo zaren a ɗaure a gaba. Mako shida ba taka ƙafa ko kaɗan.

Hajiya Binta:
Tunda an zo kan takawa, ina roƙon likitocinmu su riƙa rubuta mana irin yagewar da adadin ɗinki a takardar sallama, ba "an ɗinke miniskos" kawai ba. Tsarin ya bambanta. Yagewar da ta bi tsawo, in gwiwa na miƙe cikin maɗauri mai makulli, nauyin jiki matse bakinta yake yi, ana iya fara takawa da wuri. Wadda ta gitta da ta saiwa, nauyi buɗe su yake yi, mako shida ba takawa. Dukansu lanƙwasawa ba ta wuce digiri 90 a mako huɗu zuwa shida na farko, domin bayan nan ƙashin cinya na murƙushe ƙahon baya, inda yawancin ɗinki yake.

Daga rana ta farko: motsa idon sawu sama da ƙasa, matse tsokar gaban cinya daƙiƙa biyar sau goma, a maimaita sau da yawa a yini, ɗaga ƙafa a miƙe, ƙanƙara a cikin tawul minti 15 zuwa 20. A ɗora dunduniya a kan matashi minti goma gwiwa na rataye don ta miƙe tas. Ban da sa matashi a ƙarƙashin gwiwa. Yana da daɗi, amma cikin mako biyu za ta sanƙare a lanƙwashe, kuma dawo da miƙewa ya fi dawo da lanƙwasawa wahala.

Dakta Auwalu:
Hajiya, a kan takawa da wuri ina da ja kaɗan. Tsarin daidai ne ga wanda zai riƙa zuwa wajenki sau biyu a mako. Wanda zai koma ƙauye mai nisa, in ka ce ya taka, maɗaurin zai cire saboda zafi, ya hau babur. Irin wannan gara a ce masa yatsu kawai za su taɓa ƙasa har mako huɗu.

Hajiya Binta:
Na fahimta, Likita, amma shi ma yana da illa, cinya na zubewa da sauri, mako huɗu ba aiki sai ka ga ta rame a ido. Mafita ita ce a koyar da shi da mai jinyarsa kafin tiyata, ba ranar sallama yana cikin magagi ba. A gwada masa sanduna tun da ƙafarsa, a nuna masa hawa mataki da lafiyayyar ƙafa, sauka da mai ciwon.

Malam Isiyaku:
To salla fa, Hajiya? Da bayan gida? Yawancin gidajenmu na tsuguno ne.

Hajiya Binta:
Malam, wannan shi ne abin da ya fi tsinka ɗinki a wajenmu, fiye da ƙwallo. Takardun da ake kwafowa daga Turai an rubuta su ne ga masu zama a kujera. Mu kuwa sujada da zaman tahiya suna kai gwiwa wajen digiri 150, da nauyi a kai, sau da dama a yini. Tsuguno mai zurfi an hana shi har wata huɗu bayan ɗinki.

Salla a kan kujera. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ba da dama: a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Kujerar ta kasance mai tsayi yadda gwiwa ba za ta wuce ƙugu ba. Alwala ma a zaune a kan kujera, wani ya zuba ruwan ƙafa, kuma kada raunin ya jiƙe sai an cire zaren fata, kwana 10 zuwa 14. Bayan gida, kafinta ya huda kujerar katako mai ƙwari a ɗora a kan ramin, a yi ta tun kafin ranar tiyata. Ban da zama a tabarma da tanƙwashe ƙafa. Mata kuma a ɗauke musu kujera 'yar tsuguno, da wanki a duƙe, da shara da gajeriyar tsintsiya. Murhu ko risho a ɗaga shi kan tebur. Ban da tayar da babur da wannan ƙafar.

Koci Ɗanlami:
Namu kuma yaushe za su taɓa ƙwallo?

Hajiya Binta:
Keke na tsaye bayan mako shida, gudu a miƙe wajen wata uku zuwa huɗu, juyi da yanka daga wata biyar. Amma ba kalanda kaɗai ba. Babu kumburi washegarin atisaye, miƙewa da lanƙwasawa sun yi daidai da ɗayar, ƙarfin cinya da tsallen ƙafa ɗaya sun kai kashi 90 cikin 100 na lafiyayyar. In ɗaya ya gaza, a ƙara mako huɗu.

Malam Habu:
Ƙarin bayani ɗaya: layin ɗinki na iya ci gaba da haske a MRI shekaru bayan ya warke. Kada a ga haka a rahoto a ce aiki ya lalace.

Dakta Auwalu:
Gaskiya ne. Alamomin jiki ne ma'auni: ciwon layin gaɓa da ya dawo, kumburi mai zuwa da tafiya, maƙalewa ko cijewa. In an koma ciki, sau da yawa ana tarar da wani sashe ya warke, abin da za a datse bai kai na farko yawa ba. Ga yaro mai kyakkyawan nama ana iya sake ɗinkewa.

Malam Isiyaku:
Bayan wata huɗun, kai tsaye zai koma sahu a ƙasa?

Hajiya Binta:
A'a, mataki-mataki. Sai likita ya ba da izini, kuma dunduniya na iya kusantar ɗuwawu yana kwance ba ciwo. Ya fara durƙusawa a kan katifa yana dafe da hannu biyu, daƙiƙa goma zuwa ashirin. In mako guda ya wuce ba kumburi, ya yi sujada a kan darduma mai kauri, ya sauka da hannu tukuna, ya tashi yana dafa ƙasa ko kujera, ba tare da murɗa gwiwa ba. Ya fara da salla ɗaya a yini, Asuba ta fi dacewa tunda raka'a biyu ce. Zaman tahiya shi ne na ƙarshe, da matashi tsakanin cinya da sharaɓa, ana rage kaurinsa duk mako. In gwiwa ta kwana da kumburi, ya koma matakin da ya baro ya yi mako guda a kai.